Ruwan Ƙarƙashin Ƙasar Arlit: A Auna, A Faɗa Mana

 Yau maganarmu a kan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin garuruwan Arlit da Akokan take, can cikin jihar Agadas. Shi mutane ke sha. Shi ake ba raƙuma da awaki. Shi ne kuma tushen duk wani lambu da ke wurin. A kusa da wannan ruwa kuwa, akwai manyan tsibi na sharar ma'adinin uraniyom. Ra'ayinmu shi ne: wajibi ne a riƙa auna ruwan nan a kai a kai, a sa hannun wanda ba shi da rabo a cikin ma'adinin, kuma a faɗa wa jama'a sakamako da harshen da suke ji.

Daga ina ruwan Arlit yake fitowa?

Arlit na cikin hamada, kimanin kilomita 240 arewa da birnin Agadas. Ruwan saman da ake samu a can a shekara bai kai milimita 100 ba, alhali a Maraɗi a kan samu wajen 500. Babu kogi, babu tabkin da ke kai wa rani. Duk ruwan garin daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi.

Can ƙasa akwai shimfiɗu na dutsen yashi. Wannan dutse yana riƙe ruwa a cikin ƙananan ƙofofinsa kamar yadda soso ke riƙe shi. Ɗaya daga cikin shimfiɗun sunanta Tarat. Ruwan da ke ciki tsohon ruwa ne. Ya shiga ƙasa tun dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da tabkuna. Ɗan ruwan saman da ake yi yanzu ba ya mayar da abin da ake ɗiba. Kamar rumbu ne da kakanni suka cika suka bar mana, muna ɗiba ba ma zubawa. In hatsin irin wannan rumbu ya lalace, babu damina ta biyu da za ta sake cika shi.

Mece ce sharar ma'adini?

An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971. Saboda shi ne aka gina garin Arlit. An kafa kamfanin COMINAK a 1974, ya fara aiki a Akuta a 1978, cikin ramuka masu zurfin kimanin mita 250. Babban mai hannun jari daga waje shi ne kamfanin Faransa da aka sani da Cogema, daga baya Areva, daga baya kuma Orano.

Ga yadda aikin yake. Ana haƙo dutse, a niƙa shi ya zama gari. Sai a zuba masa ruwan asid, irin wanda ke cikin batirin mota, domin ya narkar da uraniyom. A cikin tan ɗaya na dutse, wato kilo 1,000, kilo kaɗan ne kawai na uraniyom ake samu. Sauran duk saura ne, kamar dusar da ke ragewa bayan an surfa gero. Amma dusar gero abincin dabbobi ce. Ita wannan dusa ta dutse tana riƙe da fiye da kashi uku cikin huɗu na tiririn guba da ke cikin dutsen tun asali. Tiriri ne da ido ba ya gani, fata ba ta jin zafinsa. A cikin dusar akwai wani sinadari mai suna radiyom. Sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da uraniyom kimanin tan 75,000. Ya bar wannan dusa kimanin tan miliyan 20, a kan fili mai faɗin hekta 120. SOMAIR shi ma yana da nasa tsibin. Uraniyom ya tafi ƙasashen waje ya ba su wutar lantarki. Dusar tana nan tare da mu.

Yaya guba ke sauka cikin ruwa?

Kowace mace ta san yadda ake tace toka. A zuba toka a cikin ƙwarya mai huji, a zuba ruwa a sama. Ruwan ya bi ta cikin tokar a hankali, ya ɗiga ƙasa. Ruwan da ya fito ya bambanta da wanda aka zuba, domin ya kwaso gishirin tokar. To, kowane juji haka yake. Ruwa ya ratsa shara, ya kwashi abin da ke ciki, ya sauka ƙasa.

Wani zai ce: ai Arlit ba a ruwa, me zai ratsa tsibin? Amsa uku ce. Ta farko, dusar da jiƙonta take fitowa daga masana'anta. Ta biyu, akwai manyan tafkuna da aka gina domin tara ruwan dagwalon masana'anta, kuma in ƙasan tafki ya tsage ruwan zai zurara. A watan Disamba na 2010 katangun wasu tafkunan SOMAIR sun fashe, dagwalo ya malala a fili. Ta uku, ko da yake ruwan sama kaɗan ne, wani lokaci ya kan zo da ƙarfi a rana ɗaya, koramu su taso daga duwatsun Abzin.

A ƙarƙashin ƙasa ruwa yana tafiya, amma tafiyar hawainiya yake yi. A wani wurin mita kaɗan yake ci a shekara. Saboda haka gubar da ta shiga yau za ta iya shekara 20 ko 30 kafin ta kai rijiyar gari. Kuma duk inda injin famfo ke zuƙar ruwa da ƙarfi, can ruwan kewaye ke nufa, mai kyau da marar kyau.

Kada mu manta da jujin gari. Tsofaffin batura, baƙin man mota, sharar asibiti da ruwan masai, su ma haka suke tsatsafowa. Wannan ya shafi Arlit, ya shafi Agadas, Tawa, Damagaram, Maraɗi da Kano.

Wace illa yake yi wa jiki?

Uraniyom da ke cikin ruwan sha ƙoda yake fara taɓawa. Radiyom kuwa ƙashi yake shiga ya zauna, kuma bayan shekaru yana iya jawo ciwon daji. Akwai kuma naitiret, wanda ke fitowa daga dagwalon masana'anta, da taki, da masai. In ya yi yawa a ruwan da ake dama wa jariri madara, yana hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata.

Babban haɗarin shi ne ruwan ba ya nuna alama. Ga shi garau, ba wari, ba ɗaci. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da uraniyom. Tacewa da ƙyalle ma ba ta fitar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka. Tun 2011 iyakar uraniyom ita ce maikurogiram 30 a cikin lita ɗaya. Bari mu kwatanta. A samu tano 5,000, wato duro mai cin lita 200, a cika su da ruwa. In uraniyom da ke cikin dukkan ruwan nan ya wuce giram 30, kamar nauyin ƙwayar sukari shida, to an haura iyaka. Wane harshe ne zai ɗanɗana wannan? Sai na'ura. Iyakar naitiret kuma miligiram 50 ce a lita.

Mun ga abin da ya faru a jihar Zamfara ta Nijeriya a 2010. Gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Can ta ƙura da ƙasa gubar ta shiga jiki. Amma darasin ɗaya ne: ba a gane abin da ke kashe yaran ba sai da aka auna.

Me aka taɓa aunawa a Arlit?

A Arlit akwai ƙungiya mai suna Aghir In'Man, wadda Almustafa Alhasan, ma'aikacin ma'adini, ya jagoranta. Ita ta gayyato masanan wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, a watan Disamba na 2003. Binciken da suka yi a shekarun da suka biyo baya ya nuna ruwan wasu rijiyoyi ya wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo, ta ɗebi ruwa a wuri biyar. A rahotonta na 2010 ta ce huɗu daga cikin biyar sun haura iyakar uraniyom, wadda a lokacin maikurogiram 15 ce.

Kamfanin Areva bai yarda da wannan hukunci ba. Ya ce yana auna ruwa, kuma yana bin ƙa'ida. Akwai kuma wata magana da ya kamata a saurara: dutsen da ke riƙe da ruwan, a cikinsa ma'adinin yake, saboda haka ana iya samun uraniyom a ruwa ko da ba a haƙa komai ba. Wannan gaskiya ne. Kuma ruwan wuri biyar da aka ɗiba a zuwa ɗaya ba zai ba da labarin dukkan ƙasa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. An shekara fiye da 20 ana wannan gardama. Wannan ya ce akwai guba, wancan ya ce babu. Mai shan ruwan yana tsakiya. Gardama irin wannan ba ta ƙarewa da baki. Awo ne ke raba ta, awon da aka yi shekara da shekaru, wanda kowane ɓangare ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Mece ce rijiyar awo?

Rijiyar awo siririyar rijiyar burtsatse ce. Ba a shan ruwanta. Aikinta gadi ne. Ana gina ɗaya a gefen da ruwan ƙasa ke fitowa, kafin ya iso juji. Ana gina wasu a gefen da ruwan ke nufa, bayan ya wuce ƙarƙashin jujin. Sai a ɗebi ruwan duka a gwada. In na baya ya fi na gaba guba, to jujin yana yoyo. In duka ɗaya suke, to abin daga dutse ne. Ta haka ake bambanta abin da Allah ya halitta a ƙasa da abin da mutum ya zuba. Kuma da yake rijiyar awo tana tsakanin juji da rijiyar sha, ita ke fara ganin guba, tun da sauran lokacin ɗaukar mataki.

Wasu ƙasashe sun rubuta wannan a cikin doka dalla-dalla. Dokar juji ta Tarayyar Turai ta 1999 ta ce a sa wurin awo aƙalla ɗaya a inda ruwa ke shigowa, biyu a inda yake fita, kuma a auna ruwan tun kafin a fara zuba shara. A Amurka, ƙa'idar 1991 ta ce a ɗebi ruwa aƙalla sau biyu a shekara, kuma a ci gaba da kula da jujin shekara 30 bayan an rufe shi. Ku lura, wannan ƙa'ida ta jujin sharar gida ce kawai.

Sharar uraniyom kuwa ta fi haka nauyi. A garin Mowab na Amurka, tun 2009 aka shiga kwashe dusar uraniyom tan miliyan 16 da jirgin ƙasa daga bakin kogin Kolorado, saboda tana gurɓata ruwa. A gabashin Jamus an daina haƙar uraniyom bayan haɗewar ƙasar a 1990, aka fara gyaran wuraren a 1991, kuma aikin tace ruwan ramukan ya ɗauki shekaru fiye da 30.

Mu dawo Akuta. Tsarin da kamfani ya sanar bayan rufewa shi ne a lulluɓe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Aka ce aikin zai ɗauki kimanin shekara 10, ya ci sama da miliyar 90 na kuɗin sefa, sannan a sa ido na aƙalla shekara 5. Lulluɓewa abu ne mai kyau, domin tana rage ƙura da iskar guba, tana hana ruwan sama shiga. Amma shekara 5 ta yi kaɗan ƙwarai. In jujin sharar gida ana gadinsa shekara 30, ina ga tsibin da gubarsa ke shekara dubbai? Ruwan da ke tafiyar hawainiya zai iya isowa bayan mai gadi ya tashi.

Me dokokin Nijar suka ce?

Nijar ba ta rasa dokoki ba. An yi babbar dokar kula da muhalli ranar 29 ga Disamba 1998. An yi dokar ruwa ranar 1 ga Afrilu 2010. Dukansu sun amince da ƙa'idar da ke cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. A 2016 an kafa hukumar ARSN mai sa ido kan harkokin nukiliya. A 2018 an yi dokar binciken illar ayyuka ga muhalli, aka ɗora wa ofishin BNEE nauyin bin ta. A 2022 an yi sabuwar dokar ma'adinai. Amma doka a takarda kamar iri ne a cikin buhu. Sai an shuka, an yi noma, kafin a ci. Hukuma tana bukatar na'ura, da mota, da mai, da ƙwararrun ma'aikata da ke zaune a Arlit, ba masu zuwa daga Yamai sau ɗaya a shekara ba.

Yanzu kuma al'amura sun sake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka da Faransa ta lalace. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta karɓe izinin haƙa na Imuraren daga Orano. A watan Yuni na 2025 ta sanar da mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna da arzikin ƙasa ya dawo hannun ƴan ƙasa. Amma wanda ya gaji gona ya gaji ƙayarta. Tsibin dusa bai san tutar kowa ba. Kamfanin da ya tara sharar shekara da shekaru bai kamata ya tafi ya bar bashin gyara ba. Ita kuma gwamnati, in ta zama mai ma'adini kuma mai bincike, bukatar ido na uku ta ƙaru. A kasuwa mai hatsi ne ke riƙe da tiya, amma a gaban mai saye yake awo.

Wasu za su ce wannan magana za ta kori aiki, ko kuma ƙasa ba ta da kuɗi. Mu ba mu ce a rufe ma'adini ba. Dubban iyalai da shi suke ci. Amma kuɗin gina rijiyoyin awo da gwajin ruwa ƙanƙane ne in an gwada da kuɗin ciyar da gari guda da ruwan tanka, ko kuɗin wankin ƙoda. Rigakafi ya fi magani.

Abin da muke nema

1. A kewaye kowane tsibi da kowane tafkin dagwalo da rijiyoyin awo, gaba da baya, a kowace shimfiɗar ruwa. A nuna wa jama'a taswirar inda suke.

2. A auna rijiyoyin awo, da famfunan gari, da ruwan lambu, da rijiyoyin makiyaya aƙalla sau huɗu a shekara. A duba uraniyom, radiyom, naitiret da gishirin asid, a duba kuma zurfin ruwa.

3. Duk ruwan da aka ɗiba a raba shi biyu. Rabi ya tafi ɗakin binciken kamfani, rabi ya tafi wani ɗakin da ba ya cin albashin kamfani. A ba Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Agadas kayan aiki domin su riƙe wannan amana. Wakilan unguwa, na mata, na makiyaya da na masu lambu su tsaya a wurin ɗiba.

4. A liƙa sakamako a ofishin magajin gari, a asibiti da bakin kowane famfo, da Hausa, da Tamajak, da Faransanci. A rubuta lambar da aka samu kusa da lambar iyaka, yadda kowa zai gwada da kansa. A kuma karanta shi a gidan rediyon gari.

5. A rubuta tun yanzu abin da za a yi in an haura iyaka: a rufe rijiya nan take, a kawo wani ruwa, a nemo inda yoyo yake, a toshe.

6. A ware kuɗin gadi a asusu na musamman, wanda ba zai ɓace ba in kamfani ya rufe ko ya sake hannu. Gadin ya zama na din-din-din.

7. Akwai uraniyom a Imuraren, da Dasa, da Azelik ta yankin Ingal, inda makiyaya ke taruwa da dabbobinsu shan gishiri bayan damina. Duk inda za a buɗe sabon rami ko a sake buɗe tsoho, a auna ruwan wurin tun kafin a sa diga, a ajiye sakamakon a hannun jama'a. Tun ran gini, ran zane.

Abin da kowannenmu zai iya yi

Kada mu gina rijiya kusa da juji ko tsibin ma'adini. Tsakanin rijiya da masai a bar aƙalla mita 30. Kada mu bar dabbobi su sha ruwan da ya kwanta kusa da masana'anta, domin abin da akuya ta sha yana iya biyo nono da nama. Kada mu ɗauko dutse, yashi ko tsohon ƙarfe daga wurin ma'adini mu yi gini ko tukunya da shi. An taɓa samun ƙarafa masu tiriri a kasuwar Arlit, an kuma samu irin wannan dutse a titunan Akokan. Kada mu jefa tsofaffin batura da baƙin mai a rami ko a tsohuwar rijiya. Masu lambu su haɗa kai a ƙungiyarsu, su nemi a auna ruwan da suke ban-ruwa da shi. Wanda ya ga kumburin ƙafa ko canji a fitsari ya je asibiti da wuri, ya faɗa wa likita rijiyar da yake sha.

Sannan mu riƙa tambaya, cikin ladabi, ba tare da gajiya ba. In mun je wurin magajin gari ko mai unguwa mu ce: ranka ya daɗe, yaushe aka auna ruwan famfonmu? Wa ya auna? Nawa aka samu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan yoyo a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an auna an faɗa masa. Ruwan nan kakanni suka bar mana, kuma jikokinmu ba su da wani sai shi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.